Ƙanina ya dawo daga akadami ya daina magana, ku ba ni shawara

Yayan Auta (Aboabo, Kumasi)

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Abin ya cika mini ciki, kuma a unguwa duk wanda na faɗa wa, kafin magariba maganar ta zagaye Aboabo.

Ni makanike ne a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, giyar manyan motoci nake gyarawa. Baabanmu ya rasu shekara tara ke nan, ni ne babba, don haka autanmu kusan a hannuna ya tashi. Ba zan faɗi sunansa ba, mu bar shi a Auta. Tun yana ɗan shekara shida ba shi da zance sai ƙwallo. A jan filin bayan makarantarsu ya fara, ƙafa ba takalmi, har wani koci ya sa shi a ƙungiyar kolts, wato ƙungiyar ƙwallon yara. Yana shekara 12 masu neman yara daga wata akadamin ƙwallo suka zo gwaji. Filin ya cika maƙil, suka ɗauki uku, har da shi. Ranar tafiyarsa Mma ta soya ƙosai ta raba sadaka, maƙwabta suka raka mu har bakin titi.

Shekara biyar ya yi a akadamin. Ba zan ambaci sunanta ba, don ba rigima na zo nema ba. Sun ciyar da shi, sun sa shi a aji, Turancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Bara jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke a wurin atisaye, aka yi masa aiki, ya yi wata tara bai taɓa ƙwallo ba. Ya koma fili ya buga 'yan wasanni, sai a ƙarshen kaka aka kira shi ofis. A cewarsa zaman bai kai minti goma ba. An ce ba ya cikin tsarinsu na gaba, aka miƙa masa takarda da kuɗin mota.

Daga baya ne na gano cewa motarsu ta iso Asafo tun ƙarfe uku na rana, amma bai shigo gida ba sai bayan isha'i. Zama ya yi a tasha, jaka a kan cinya, yana jiran duhu ya yi don kada 'yan unguwa su gan shi da kaya.

Yau mako bakwai. Yaron da a da in ya zo hutu sai an ƙara masa waakye sau biyu, yanzu Mma za ta ajiye kwano a ƙofar ɗaki, ta dawo ta tarar ya ɗan taɓa gefe ya rufe. Da rana barci, da dare waya. Ɗaki ɗaya muke kwana, ina ganin hasken wayar a fuskarsa ƙarfe biyu, ƙarfe uku, yana kallon hotunan abokan ɗakinsa na can. Ɗaya daga cikinsu ya tafi Turai kwanan nan. Takalman ƙwallonsa ya ƙulle su a baƙar leda ya tura can ƙarƙashin gado. Jam'i ma ya daina fita, a ɗaki yake salla, saboda hanyar masallaci ta bes ɗin samari take bi, wato majalisarsu ta hira, su kuwa tun yana ƙarami Kudus suke kiransa, sunan ɗan ƙwallon Ghana Mohammed Kudus. Ba da mugunta ba ne, amma da ya gilma sai ka ji, “Kudus, yaushe ne tashin?”

Ni ma ina da nawa laifin, kuma gara in faɗa. Duk hutun da ya zo sai na dafa kafaɗarsa na ce, kai ne za ka fitar da mu daga gidan haya. Ina faɗa ne don in ƙarfafa shi. Kwana uku da dawowarsa kuma, da raina ya ɓaci, na ce masa, to yanzu shekara biyar ta tafi a banza ke nan? Bai ce komai ba, ya juya fuska bango.

Abin da ya sa na kasa barci shi ne maganar da ya yi daren Alhamis. Na ɗauka ya yi barci, sai na ji ya ce, “Yaya, da ban dawo ba da ya fi muku sauƙi.” Na ce me kake nufi, ya ce ba komai.

Ga kuma wata. Wani mutum ya zo gida har sau biyu, da kaya masu kyau da takarda mai tambarin ƙungiya, ya ce zai kai shi gwaji Turai in mun kawo sidi 40,000 na biza da jirgi. Shekarun Auta 17 da wata huɗu. Mma ta ce a sayar da ɗan filinta na Sawaba, ita a ganinta maganin ciwon yaron shi ne ya koma ƙwallo.

Shin wannan baƙin ciki ne da zai wuce da kansa, ko ciwo ne? In matsa masa ya bi ni Magazin, ko in ƙyale shi? Mutumin nan fa?

Koci Awudu (Asawase)

Wa alaikumus salam. Ɗana, fara da mai sauƙin: kada a sayar da filin Hajiya. Dokar FIFA, sashe na 19 na ƙa'idojin sauya sheƙar 'yan wasa, ta hana a ɗauki yaro daga ƙasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan keɓaɓɓun halaye, kamar iyayensa su ƙaura can don wani dalili da ba ƙwallo ba. Naku bai shiga ciki ba. Kudus ɗin da ake kiran ƙaninka da sunansa, daga ƙungiyar Strong Tower ta Nima a Accra ya shiga akadamin Right to Dream, kuma duk da cewa masu akadamin su ne suka mallaki Nordsjælland ta Danmak, bai buga mata wasa ba sai a watan Agustan 2018, bayan ya cika 18. In su da ƙungiyar take hannunsu sun jira, wane ne wannan mai takarda? Kuma ƙungiyar da take son yaro da gaske ita take biyan jirgi. Na fi shekara ashirin a kolts, na ga gidajen da suka sayar da fili, yaron ya ƙare a otal a wata ƙasa, mutumin ya kashe waya.

Sauran maganar ta fi nauyi, kuma mu kociyoyi muna ciki tsundum. Yaro zai faɗi yana riƙe da ƙafa, mu ce tashi, namiji ba ya kuka. Mu faɗa masa haka shekara goma, ranar da zuciyarsa ta karye kuma mu yi mamakin ya yi shiru. To mu muka koya masa shirun. Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 1999 ya ga Osei Kuffour, ɗan Kumasi ɗin nan, yana dukan ƙasa da hannu yana kuka bayan Manchester United ta zura wa Bayern biyu a ƙarshen lokaci. Duniya ta gani. Bai rage shi da komai ba, 2001 ya ɗaga kofin.

Kuma ku daina auna yaron da mutum ɗaya da ya fita. Nii Lamptey shi ne gwarzon gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 1991, Pele da bakinsa ya yabe shi, yana yaro ƙarami ya je Anderlecht. Shi da kansa ya sha faɗin yadda aka cuce shi a kwantiragi saboda bai yi karatu ba, shi ya sa da ya dawo ya buɗe makaranta a Accra. Dominic Adiyiah shi ya fi kowa cin ƙwallo lokacin da muka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 20 a Masar a 2009, AC Milan ta saye shi, amma abin bai tafi yadda kowa ya zata ba. Waɗannan fa su ne suka kai ƙololuwa.

Ban ce ƙwallonsa ta ƙare ba. Shekara 17 ba komai ba ne, akwai ƙungiyoyin rukuni na ɗaya da na biyu a nan Ashanti da za su so yaron da ya sha horo irin nasa. Amma ba yanzu ba. Kada kowa ya yi masa zancen gwaji a watannin nan. In ya ji yana son shaƙar iskar fili, ina da yara 'yan ƙasa da 12, ya zo ya jera mini kon ya nuna musu yadda ake tare ƙwallo. Su ba ruwansu da takardar sallama.

Alhaji Mai Goro (Alabar)

Ni a ganina kuna tsawaita abu. Zaman ɗaki ne ke kawo wannan tunanin. Mu da muka tashi, in abu ya ƙi sai ka kama wani, ba wanda ya zauna ya lallashe mu. Gobe da asuba ka tashe shi, ku yi salla a jam'i, ka ɗora shi a babur ku tafi Magazin ya riƙe sifana. Gumi yana wanke baƙin ciki. Sannan kada ku manta da baki. Yaron da unguwa gaba ɗaya take ambaton sunansa tun yana ɗan shekara 12, ai dole a nema masa tsari. A sa malamai su yi masa addu'a, a yi sadaka. Zancen mai biza kuwa na yarda da Koci, ɓarawo ne da rana tsaka.

Anti Rabi (ma'aikaciyar jinya, Kumasi)

Alhaji, Allah ya ƙara girma, addu'a da sadaka ba wanda zai ja da su. Amma ina roƙon Yayan Auta kada ya ja yaron da ƙarfi gobe.

Ƙanina, a duk rubutunka layi ɗaya ne ya tsayar da ni: “da ban dawo ba da ya fi muku sauƙi.” A aikinmu, in mutum ya fara ganin kansa kaya ne a wuyan 'yan'uwansa, ba ma barin maganar ta kwana. Ka same shi ku biyu kawai, ka tambaye shi kai tsaye, da kalmomin da ba su da kwana: kana tunanin kashe kanka? Na san bakinka zai yi nauyi. Mutane suna tsoron tambayar za ta sa masa tunanin a rai, amma ba haka ba ne. Wanda ke ɗauke da shi sauƙi yake ji in an tambaya. In ya ce e, ko ya yi shiru mai tsawo, kada ka yi masa wa'azi a lokacin, kada ka bar shi shi kaɗai, ku zo asibiti a ranar. Kafin nan ka duba ɗakin, ka kwashe magunguna da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannu zai kai.

Baƙin ciki bayan irin wannan rashi daidai ne. Amma in ya wuce mako biyu mutum ba ya cin abinci, barcinsa ya juye, ya bar abin da yake so, ya guji mutane, to muna duba ciwon damuwa, kuma ciwo ne mai magani. Kai ka ƙirga mako bakwai. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye, kuma asibitocin gwamnati da dama suna da ma'aikatan jinya na wannan fanni, tun bayan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ake ta faɗaɗa aikin. Ba sai an je asibitocin ƙwaƙwalwa na Pantang ko Ankaful ba, kuma zuwa ba ya nufin hauka. Sau da yawa zama ne da magana, ba lallai a ba da ƙwaya ba. Wasu iyaye suna ɓoye yaro don tsoron 'yan sanda, to su sani tun 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka a Ghana.

Ka kuma lura da abin da yake sha. Yaron da aka yi wa aikin gwiwa ya san maganin kashe zafi, kuma kai ka san yadda tiramol ya yi wa zangunanmu. Ɗan ƙwallo Dele Alli, da duk kuɗinsa da sunansa a Ingila, ya fito a 2023 ya faɗa da hawaye cewa ƙwayar barci ta kama shi har sai da ya yi mako shida a gidan jinya a Amurka.

Ga Hajiya kuwa, a tuna mata Annabi Yaƙub ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni. A yi addu'ar, a kuma zo a ga likita.

Tsohon Lamba Shida

Yaya, ni ma an taɓa ba ni irin takardar nan, ina shekara 18. Yanzu 26 nake, ina gyaran waya a kasuwar Kejetia. Bari in faɗa maka abin da ƙaninka ba zai iya faɗa ba tukuna.

A can, tun asuba ana auna ka. Gudunka, nauyinka, har yadda ka zauna a aji. Wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, kuke raba gari da suga da dare, shi ne kuma yake neman lambarka a fili. Kana son sa, kana kuma jin wani abu in ya yi wasa mai kyau, sai ka tsani kanka a kan haka. In ƙafa tana ciwo ka ɓoye, don wanda ya zauna a benci mako biyu ana iya mance shi. Ranar Lahadi in an ba mu waya, na sha niyyar in ce wa mahaifiyata na gaji, ina son gida. Kafin in buɗe baki sai ta ce, “Kowa yana gaishe ka, kai muke kallo bayan Allah.” Sai in ce lafiya lau nake.

Da na dawo, abin da ya fi ci mini rai ba ƙwallon ba ce. Ban san ko ni wane ne ba. Tun ina shekara 11 in an tambaye ni, ɗan ƙwallo ne amsar. Abokan unguwa sun yi gaba, wani ya gama koyon ɗinki, wani yana jami'a, ni ko kuɗin tirotiro, motar haya, daga Aboabo zuwa Adum ban sani ba. Kuma ina jin bashi ne a kaina, bashin duk ƙosan da aka raba saboda ni.

Wanda ya cece ni kawuna ne. Kullum bayan la'asar zai ce in raka shi, mu taka har wajen filin Baba Yara mu dawo. Wata biyu bai ambaci ƙwallo ko sau ɗaya ba. Zancen farashin siminti yake yi mini, da labarin kakanmu. A hanyar ne wata rana na fashe da kuka da kaina.

A Ingila, Crystal Palace ta fito da tsari a 2022 na bibiyar yaran da ta sallama har shekara uku, a taimaka musu da karatu ko aiki. Ni tun ranar da na fita ƙofa ba wanda ya kira ni. Don haka kai ka kira su. Ka nemi takardun karatunsa da na aikin gwiwarsa, haƙƙinsa ne. In bai rubuta WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ba, zai iya zama ta masu zaman kansu. Kuma in yana so, ni zan zo mu sha ataya, ba sai ya ce komai ba.

Yayan Auta (Aboabo, Kumasi)

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yi kwana biyar ban dawo nan ba, ga abin da ya faru.

Anti, a daren da na karanta rubutunki na kwashe abin da kika ce. A aljihun jakarsa na sami ƙwayar barci, saura huɗu a kati, ya ce a kemis ya saya. Da asuba ban ja shi jam'i ba, na yi salla tare da shi a ɗaki. Na ce ya raka ni sayen koko, a babur, ta bayan layi inda ba za mu bi ta bes ba. Muka zauna a kan benci gefen mai kokon, gari bai gama wayewa ba. Na fara da nawa. Na ce, Auta, maganar gidan haya da na riƙa yi maka, da wadda na yi bayan ka dawo, ban kyauta ba, ka yafe mini. Haya nauyina ce, ba taka ba. Kofin yana hannunsa bai sha ba, sai na ga kokon yana rawa.

Sannan na yi tambayar, yadda kika ce, ba kwana. Wallahi ban taɓa furta abin da ya yi mini nauyi kamarta ba. Ya daɗe, ya ce tunanin yana zuwa masa da dare, amma bai shirya komai ba, Mma yake tunawa. Sai kuka. Mai kokon, Allah ya yi mata albarka, ta juya baya ta ci gaba da aikinta kamar ba ta gani ba. A nan ya faɗa mini gwiwar ta yi wata uku tana masa ciwo kafin ta tsinke, bai gaya wa kowa ba, don lokacin ne ake zaɓen waɗanda za a ci gaba da su. Wata uku yaron nan yana ɗaure ƙafa a ɓoye, ni kuma ina kiran sa ina tambayar ƙwallo nawa ya ci.

A ranar muka je asibiti. Sun zauna da shi kusan awa guda ni ina waje, an ce mu koma Talata mai zuwa. Mai biza na ce masa ba mu yi, ya kira sau uku ban ɗauka ba. Mma har yanzu ba ta huce da ni ba, tana ganin na rufe wa yaron ƙofa. Ina neman wanda take jin maganarsa ya zauna da ita, wataƙila limaminmu.

Alhaji, Magazin tana nan, ranar da ya ce zai bi ni zan ɗauke shi. Jiya ya ci rabin kwanon tuwo. Takalman suna nan a leda, ban taɓa su ba.

Lamba Shida, na karanta masa naka. Bai ce komai ba, amma da dare ya karɓi wayata ya sake karantawa da kansa, ya tambaye ni a wane ɓangaren Kejetia kake. Koci, wace rana yaranka suke fita, kuma ƙarfe nawa? Ban gaya masa ba tukuna, ina so dai in sani.

Saura samarin bes. Yau da daddare zan je in zauna da su, in roƙe su su riƙa kiran sa da sunan da Baaba ya raɗa masa. In akwai wanda ya san yadda zan faɗa ba tare da na tona masa asiri ba, ya taimaka mini kafin isha'i.